Jan Jirtik da Teburan Haya



Daidaita adon amarya da wurin zamanta tsohuwar al'ada ce a garuruwanmu na bakin kogin Nilu. Kakanninmu da suka sauka Mai Wurno bayan yaƙin Burmi na 1903, da waɗanda noman audugar Jazira ya tsayar a hanyar hajji bayan 1925, sun zauna da Larabawa har gidaje da yawa suka ɗauki jirtik daga gare su. Amarya ta lulluɓa da jan tobi, a shimfiɗa jan mayafi a kan gadon angarib, a kawo faranti ɗauke da sandal da mahlab da turaren wuta, a ɗaura jan zaren alharini a wuyan hannu. Ja ya hau kan ja, zinariya na walƙiya a tsakani. Duk kayan nan na gida ne ko na aro, kuma maƙwabciya ba ta hana.

Teburan liyafa kuwa daga zaurukan biki na Khartoum da Wad Madani suka iso mana. Kafin yaƙin 2023 ya tarwatsa mutane, na halarci bikin 'yar baffana a wani ƙauye kusa da Sinnar. Rigar amarya fara ce mai ratsin ruwan zuma, saboda haka aka yi hayar tebura da shimfiɗu da furannin roba masu wannan launi, har kujeru aka ɗaura musu ƙyalle. Gaskiya wurin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Amma tebur yana da iyaka. Kujera takwas aka jera masa, na tara sai ya tsaya. Babban tiren da muka saba, wanda ake ajiyewa a tabarma da asida da miya, ba ya ƙirga hannu. In baƙo ya zo, a matsa masa kawai.

Mahaifina, wanda shi ya ɗaura auren da safe, ya leƙa rumfar, ya ga tsofaffin unguwa da almajirai tsaye a bakin igiya. Bai ce wa kowa uffan ba. Ya nemi tabarma, ya zauna a gindin dalbejiya a waje, sai ga tire uku sun biyo shi. Daga baya ya tuna wa baffana cewa Annabi (SAW) ya zargi walimar da ake kiran mawadata a bar matalauta.

Ni a ganina, amarya ta zaɓi launinta, a ƙawata mazauninta da shi, wannan haƙƙinta ne na rana ɗaya. Sauran fili kuma a bar wa tabarma. Kuɗin hayar teburan nan, a cewar baffana, sai da ya sayar da buhunan dawar da ya ajiye wa damina kafin ya biya.