Wasiƙar da ta Zama Littafi

A cikin adakar kakata a Dandume akwai wata tsohuwar wasiƙa ta ajami wadda marigayi kakana ya aiko daga ci-rani. Ba kome a cikinta sai gaisuwa da 'yan umarce-umarce: a kula da rumbu, kada a sayar da masara sai ya dawo, a sulhunta ƙannensa biyu da ke jayayya a kan gona. Rumbun ya daɗe da rushewa, amma har yau in gardama ta kaure a gidanmu, ita ake ɗaukowa a karanta, kowa ya yi tsit.

Ban san darajar wannan takarda ba sai da na zo jami'a. Abokin ɗakina Kirista ne, Bahaushe daga ƙasar Malumfashi. Wata rana ina duba Littafi Mai Tsarki nasa saboda darasinmu na fassara, sai na ga wasiƙa bayan wasiƙa, wannan zuwa ga Romawa, waccan zuwa ga Korintiyawa. Na ce masa cikin ba'a, "Mutumina, yaya za a yi wasiƙa ta zama littafin addini?" Na ga maganar ta sosa masa rai, amma ya daure ya ce, "Malam, Risalar da ka karanta a zaure, mece ce ma'anar sunanta?"

Nan take bakina ya mutu. Risala dai wasiƙa ce. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996 Miladiyya, ya rubuta ta ne don amsa roƙon wani malami mai koyar da yara.

Kunya ta sa na shiga bincike. Sabon Alkawari littattafai 27 ne, kuma 21 daga ciki wasiƙu ne, 13 na ɗauke da sunan Bulus. Da harshen Girkanci aka rubuta su. Galibin masana na ganin wasiƙa ta fari zuwa ga Tasalonikawa, wadda aka rubuta wajen shekara ta 50, ta girmi littattafan Bishara huɗu. Akasarinsu wata matsala ce ta haife su. Alal misali, jama'ar Korinti sun rarrabu, sai Bulus ya rubuta yana tsawata musu. Wasiƙar Filimon kuwa roƙo ne a kan wani bawa, a karɓe shi a matsayin ɗan'uwa. Ita kuma ta Romawa shifta aka yi, har marubucin, Tartiyus, ya sa tasa gaisuwar, kamar yadda masu rubuta wa mutane wasiƙa suka riƙa yi a kasuwanninmu. Akan karanta su a bainar jama'a, a kwafa, a aika gaba, har aka tattara su. Suna cikin cikakkiyar fassarar Hausa ta 1932, aikin da Dokta Miller na Wusasa ya yi fice a kansa.

Lalle akwai bambanci. A wurin Kirista waɗannan wasiƙu nassi ne, alhali a wurinmu Risala littafin fiƙihu ne, ba wahayi ba. Amma hanyar ɗaya ce: jagora ya yi nisa da mutanensa, takarda ta tsaya a madadinsa, sa'an nan ta wuce waɗanda aka aika wa. Haka wasiƙun Muhammadu Bello da al-Kanemi suka wanzu cikin Infaƙul Maisur.

To, mu ɗaliban Hausa mun duƙufa kan waƙa da zube da wasan kwaikwayo, mun bar wasiƙun iyayenmu gara na ci. Ina roƙon malamanmu su buɗe mana wannan fage. Ni dai hutun da ya wuce na kwafe ta kakana, na kuma nemi gafarar abokina. Allah ya sa mu dace, amin.