Insha'in Turanci da 'ya'yan masu noman rani

Duk shekara idan jarrabawar WAEC da NECO ta ƙarato, sai ka ga 'yan ajin ƙarshe na sakandare a Garun Mallam da Kura da Bunkure suna yawo da takardun da aka kwafo musu, suna haddace wasiƙu da labarai na Turanci, suna addu'ar Allah ya sa a kawo irinsu. Na tsufa da alli a hannu, kuma abin da na gani shi ne wannan haddar ta fi ƙarancin basira kayar da yaranmu.

A WAEC ana son rubutu mai kalmomi kamar 450, maki kuwa 50 ne: 10 na abin da ka faɗa, 10 na tsari, 20 na sarrafa harshe, 10 na tsabtar rubutu, inda kowane kuskure ke cin rabin maki. Mai hadda, da zarar tambaya ta ɗan karkace, sai ya zuba abin da ke kansa ko ya dace ko bai dace ba. Mai gyaran takarda kuwa tun layi na uku ya gano shi.

Abin da ke ci mini rai, yaran nan suna da abin faɗa fiye da 'yan birni da yawa. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ruwa ke gangarowa ta Ruwan Kanya zuwa gonakin Kadawa, a bakin wannan ruwa yaran nan suka tashi. Yaro ya san rigimar mai gona a sama da mai gona a ƙarshen magudana ranar da ruwa ya yi ƙaranci. Ya ga ciyawar kachala tana toshe hanyar ruwa. Ya ji yadda tsutsar nan da manoma ke kira Sharon ta cinye tumatir a 2016, kuma da idonsa ya ga mahaifinsa ya kai kwandunan tumatir kasuwar Kwanar Gafan lokacin da kaya ya yi yawa, ya dawo da kuɗin da bai kai na taki ba. In aka ce a rubuta wa shugaban ƙaramar hukuma wasiƙa kan matsalar gari, wa ya fi wannan yaro hujja?

Shi ya sa nake cewa malamai: ku bar yaro ya fara faɗin maganarsa da Hausa a gaban 'yan'uwansa, har ya fitar da dalilai uku masu ƙarfi, ya jera su. Sannan ya ɗauki biro. Gajerun jimloli, kalmomin da ya tabbata da su. Manyan kalmomin ƙamus da ake cusawa don burgewa su ne ramin da maki ke zubewa. Ya yi rubutu ɗaya kowane mako, da agogo a gabansa, malam ya gyara da jan biro, ya zaunar da shi ya sake kwafewa. Na san aji ya cika maƙil, gyaran takardu aiki ne mai cin dare, amma wannan sake kwafewar ba ta da madadi.

Ku kuma iyaye, na san watannin shirin jarrabawa su ne na ban ruwa da tsinkar tumatir, hannu ɗaya ma ba a son rasawa. Duk da haka ku sallami ɗalibi daga gona bayan la'asar, ko da kwana uku ne a mako, tun daga watan Janairu.