Kwalba Goma Sha Biyu da Kuɗin Aji

Tun muna ND I aka liƙa mini ma'ajin aji, wai don ni ce mai adana rasit ko na biro ne. Shekara biyu ina karɓar kuɗin fotokwafi da na gaisuwar rasuwa, ba a taɓa jin kaina da kowa ba. Sai a makon ƙarshe kwalba goma sha biyu ta so ta ja mini abin faɗa.

A taron shirya walimar sayin-awut abin ya faro. An gama maganar shinkafa da kaji, an gama ta fararen riguna da maka, sai shugaban aji ya ce saura shamfen. "Haba jama'a, a gama difloma ba a fasa kwalba ba? To me za mu ɗora a waya?" Nan aji ya kaure. Ustaz ɗinmu na layin gaba ya miƙe ya ce muddin da kuɗinsa a ciki, ko ɗigon giya aka saya bai yafe ba. Kowa ya zaci 'yan'uwanmu Kirista ne za su ja da shi. Sai ƙawata 'yar kudancin Kaduna ta ce su ma a cocinsu ba a sha, babanta dattijon coci ne, in ya ga hotonta kusa da kwalbar giya sai dai ta nemi wani gidan. Wanda ya fi kowa ɗaga murya a sayo "orijinal" kuwa, ba zan kama suna ba, amma tare muke azumi.

Aka tsaya a kan wayin mara giya, mai kumfa, mai kyau, ba na bakin titi ba. Aka ware naira 60,000 daga karo-karon dubu bibbiyu da muka yi, aka ce ma'aji ta je ta sayo kwalba goma sha biyu.

Wani babban kanti na je a cikin gari. Kayan suna can lungun ƙarshe, kuma duk a kanta ɗaya aka jera su, mai giya da mara giya kafaɗa da kafaɗa. Ku kwatanta mace da dogon hijabi a tsaye a wurin nan tana ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya. Sai waige nake, kada wani ɗan unguwarmu ya ɓullo ya kai wa Baba labari. Abin haushin, duk shigarsu iri ɗaya ce: kwalba mai kauri, takardar gwal a wuya, waya ɗaure da marfi. In ba karantawa ka yi ba, wallahi ba ka rabe su. Na ɗaga wata Moët don in ga farashi, na mayar da ita a hankali da hannu biyu, don kuɗinta ita kaɗai ya haura duk abin da ke jakata.

Abin ka da 'yar sashen gwaje-gwajen kimiyya, na san yadda kumfar take samuwa, ko da yake a littafi na sani. Yis yana cin sukarin ruwan inabi, ya fitar da barasa da iskar kabon. Shi ne dai abin da ke faruwa da zoɓo in ya kwana biyu a jarka ba firji, ka buɗe ka ji ya yi tsit. Shamfen na gaskiya daga yankin Champagne yake a arewa maso gabashin Faransa, kuma a dokarsu wanda ba a can aka yi shi ba bai isa ya ɗauki sunan ba. Sai an gama yin giyar tukuna, sannan a ƙara mata sukari da yis a toshe kwalbar, ta sake tsima a ciki, iskar ta rasa hanyar fita ta narke a ruwan. Dole ya yi aƙalla wata 15 a ajiye kafin a sayar, mai ɗauke da shekara a jiki kuma shekara uku. Ƙarfin iskar da ke ciki ya ninka na tayar mota sau biyu zuwa uku, shi ya sa kwalbar take da kauri, shi ya sa ake ɗaure marfin da waya. Cava ta Sifaniya ma haka ake yin ta, Prosecco ta Italiya kuma a babban tanki ake tsima ta. Barasar da ke cikinsu tana kai kashi 11 zuwa 12 cikin ɗari. Kalmar Brut da wasu ke ɗauka sunan kamfani ne, ma'anarta kawai ba zaƙi sosai. Duk waɗannan ba namu ba ne, na wuce su.

Namu su ne irin su Eva da Veleta da Chamdor da muka saba gani a teburin amarya da ango. Ruwan inabi ne da ba a taɓa bari ya tsima ba, aka ɗura masa iska kamar yadda ake yi wa lemon kwalba. A zatona daga mai giya sai wannan, babu na uku.

Ina cikin lissafi yaron kantin ya matso. "Hajiya, biki ne? Ki bar waɗannan, na yara ne, zaƙi kamar alewa. Ga na manya, daga Turai. Babu giya ko kaɗan." Ya miƙo wata baƙar kwalba, kyakkyawa ta gaske, an rubuta alcohol free ɓaro-ɓaro a gabanta. Na tuna an ce mini mai kyau. Na kuma tuna, in faɗi gaskiya, cewa ina so a ce ma'aji ta iya sayayya. Na ɗauki shida a kan 6,500, na haɗa da shida na ruwan inabi a kan 3,500, kuɗi ya tashi cif. Na duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, na karɓi rasit, na tari Keke ina jin kaina.

Da daddare a hostal abokiyar ɗakina ta zaro biyu daga katan tana yaba su, har ta ɗan ɓare takardar wuyansu don ta ga wayar. Ita ce ta juya bayan kwalbar ta ce, "Ke, mene ne kuma wannan 0.5?" Na karɓa na haska da fitilar waya. Da ƙananan haruffa an rubuta dealcoholised wine, barasa ba ta wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba. Ashe akwai na ukun. Wannan giya ce sosai aka fara yi, ta tsima ta gama, sannan aka zare barasar da inji, ɗan abin da ya rage ya rage. Shi ya sa ba ta da zaƙi, shi ya sa ta fi tsada. Yaron kantin ma ina jin abin da ke gaban kwalbar kawai ya sani.

Ban yi barci da wuri ba ranar. Ɓangaren kaina da ya yi karatun kimiyya yana ce mini 0.5 ba ya bugar da kowa, cikinka zai cika kafin ka ji komai, kuma ayaba in ta nuna sosai ita ma ba ta rasa ɗan burbushin barasa. Wa zai juya bayan kwalba a tsakiyar kiɗa da ihu? Rabinta ma a riguna za ta ƙare. Har na sa farce a gefen takardar bayan, na ga tana ɓaruwa cikin sauƙi. Abin da ya tsayar da ni dubu biyun Ustaz ne, da dubu biyun ƙawata. Ba su ce mini in sayo abin da ba ya bugarwa ba. Cewa suka yi kada kuɗinsu ya shiga giya, kuma ban san ko a wurinsu giyar da aka zare wa barasa ta tashi daga giya ba. Na san malamai sun yi saɓani a kai, wasu suna duba ko abin yana sa maye, wasu suna duba asalinsa. Ni ba malama ba ce. In na ɓare takardar nan, na yanke wa mutum talatin hukunci ke nan ba su sani ba.

Wajen ƙarfe ɗaya na ɗauki hoton bayan kwalbar na tura zauren ajinmu na WhatsApp, na rubuta abin da na saya da yadda aka yi, na kashe data.

Da safe na tarar da saƙo ya fi ɗari. Shugaban aji ya ce, "Hajiya, kin cika tsanani, da kin yi shiru wa zai sani?" Wani ya ce dama shi ya faɗa a sayo orijinal a huta. 'Yan ƙwallo suka shigo da labarin Yaya Touré, da aka miƙa masa shamfen na gwarzon wasa a 2012 yana Manchester City, ya ce shi Musulmi ne ba ya sha, ya miƙa wa Joleon Lescott. Wani mai bin tseren mota ya ce ai fesa kwalbar ma ba daɗaɗɗen abu ba ne, Dan Gurney ne ya fara a Le Mans a 1967, kuma a tseren Bahrain ruwan wardi da rumman mai kumfa ake fesawa, ba wanda ya ce nasarar ta ragu. Ustaz bai ce komai ba sai bayan azahar. Ya rubuta cewa ya tambayi malaminsa, ba zai ce wa kowa haramun ba ne, amma shi zai bar abin da yake shakka. Ƙawata ta sa hannu a ƙarƙashin saƙonsa. Aka ce a mayar.

Mayarwar ce aiki. Mai kantin ya nuna mini inda aka rubuta a rasit cewa kaya in sun fita ba sa dawowa. Na ce, "Oga, yaronka ne ya ce babu ko kaɗan." Ya ce ai babu ɗin ne, 0.5 ba giya ba ce. Muka yi ta yi kusan rabin awa, ina tsaye da katan a ƙafata. Daga ƙarshe ya karɓi huɗu ya ba ni bakwai na ruwan inabi, canjin 1,500 ya ce in ɗauki kofunan roba. Biyun da aka ɓare wa wuya ya ce ko kyauta ba ya so. Na mayar wa asusun aji 13,000 daga kuɗin da Baba ya turo na ɗaurin furojet, na rubuta a littafi kamar kowane shigen kuɗi. Makon nan garin kwaki ya san ni.

Ranar walima kwalba goma sha uku muka jera a cikin bahon ƙanƙara. Na roƙi maza su karkata bakin kwalbar daga fuskar mutane, don marfin nan in ya sami ido ba ruwansa da mai giya ko mara giya. Ba wanda ya saurare ni. Shugaban aji ya girgiza ta farko kamar yana faɗa da ita, ta yi fau, jan ruwa ya wanke farar rigar Ustaz tun daga kafaɗa, duk sa hannun da aka yi masa ya narke. Yana dariya yana cewa a ƙara masa a kofi. Ban sami ko kurɓi ba, ina can ina ƙirga kofuna.

Baƙaƙen kwalaben biyu sun yi sati a ƙarƙashin gadona. Shekaranjiya muka tuttular da su a kwata ni da abokiyar ɗakina, ta wanke su ta shanya. Ta ce za ta kai wa mamanta, mai sayar da soyayyar gyaɗa, wai irin masu kaurin nan sun fi riƙe ta ba ta yin sanyi.