Wasiƙa daga Nima: Mun Kai wa 'Yarmu Ziyara a Cape Coast



Aminiyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, da maigida da yara da dukan mutanen Kano. Mu ma nan Nima ta Akra lafiya ƙalau, sai godiyar Allah. Saƙonki ya iso, na ji 'yarmu ta wajenki ta samu gurbin karatu a jami'a mai nisa, ke kuma hankalinki ya ƙi kwanciya. Shi ya sa na ce bari in zauna in ba ki labarin ziyarar da muka kai wa 'yar taki ta wajena, mai karatu a jami'ar Cape Coast, tun yana da zafinsa.

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, maigidana Alhaji ne a kan sitiyari, domin duk wanda rana ta fito masa bai wuce Kasoa ba, to ya shirya wa cunkoso. Bayan mota kuwa ba masaka tsinke: gari, shinkafa, manja, shiton da na raba dare ina soyawa, da kilishin da kika aiko mata. Daga Akra tafiyar wajen kilomita 145 ce, hanya ta miƙe yamma, teku na hannun hagu, ya ɓuya can ya sake leƙowa.

Da muka wuce mararrabar Winneba da ta Apam, sai ga masu abarba jere a yankin Ekumfi. Irin doguwar nan ce mai farin ciki, ko bayanta kore ne zaƙinta ba a magana. A Mankessim kasuwa ta cinye rabin titi, muka ratsa a hankali. Daga Saltpond zuwa Anomabo kuwa ido ya sha kallo. Na sa Alhaji ya tsaya inda masunta ke jan koma daga bakin ruwa, maza sun yi layi a kan igiya ɗaya, suna waƙa suna ja da baya taku-taku, mata na jira da manyan kwanoni a ka. Wata dattijuwa ta ce mana mun taki sa'a ba Talata ba ce, don ran Talata ba mai shiga teku a wannan gaɓar. A Yamoransa muka sayi dokunun Fanti, wanda ake naɗewa da ganyen ayaba, tsaminsa ya fi na Akra.

Jami'ar tana fuskantar teku, titi da itatuwan kwakwa ne kawai tsakaninsu. An kafa ta a 1962, zamanin Kwame Nkrumah, domin horar da malaman makaranta, kuma har yau ta yi suna a wannan fanni. A bakin ƙofa muka tarar da 'yar taki tana jiranmu, hijabinta fes. Ta durƙusa ta gaida babanta, ni kuwa sai da na share ƙwalla.

Ɗakinsu ƙarami ne, amma komai na wurinsa. Jadawalin darussa na manne a bango, kusa da shi lokutan salla da ta rubuta da hannunta, darduma a ninke a kan akwati. Yarinyar da a gida sai an tashe ta, ita ce ta riga ta dafa mana shinkafa da wake da soyayyen kifi. Abokiyar ɗakinta Kirista ce, 'yar Fanti, ta ce da azumi ita ke taya ta tashi sahur. 'Yan'uwanta na ƙungiyar ɗalibai Musulmi suka yi ta zuwa gaishe mu, har Alhaji ya bi samarin masallaci sallar azahar. Da yamma ta kai ni kasuwar Kotokuraba, na tsaya ina kallonta tana ciniki da harshen Fanti, mai kifi na dariya tana yi mata gyara. Daga kuɗin abincinta ta biya, ta ce, "Mama, yau ke ce baƙuwata."

Washegari ita ce ta yi mana jagora zuwa tsohon gidan bayi na Cape Coast, garin da ya kasance hedikwatar Turawan Ingila kafin su koma Akra a 1877. Mun shiga kurkukun ƙarƙashin ƙasa, duhu da zafi, 'yar tagar iska can sama, a kansa kuma Turawa suka gina wurin ibadarsu. Muka ƙarasa Elmina, inda mutanen Fotugal suka gina nasu a 1482. Ta tuna mana cewa cikin waɗanda aka fitar ta waɗannan ƙofofi akwai mutanen arewa da aka koro da ƙafa daga kasuwanni irin su Salaga, garin da kakanninmu ke zuwa fataucin goro. Jikina ya yi sanyi. Alhaji ya ɗaga hannu ya yi musu addu'a, muka shafa.

To, aminiyata, gani ya kori ji. Tarbiyyar da kika ba yarinya a ɗaki ba ta tsayawa a bakin zaure, tare suke tafiya duk inda ta je. Icce tun yana ɗanye kika tanƙwara shi, yanzu lokacin ganin amfani ne. Ki bar 'yarmu ta tafi. Ku raka ta da kanku, ku ga masaukinta, ku san masallacinsu da ƙawayenta, ku damƙa ta amana a hannun wani gidan mutunci a garin, sannan ki riƙa leƙa ta kina bin ta da addu'a.

Ki rubuto mini ranar tafiyarta, zan ba masu zuwa Kano atamfa da shito su kawo mata. 'Yar taki na gaishe ki, ta ce kilishi ya ƙare tun daren farko, ɗakuna uku suka taru a kansa. Ki gaida maigida da Hajiya Babba, Allah ya ƙara mata lafiya. Allah ya yi wa yaranmu albarka, ya ba su ilimi mai amfani, amin.

Taki har kullum,
Aminiyarki ta Nima