Naira Da Sefa: Abin Da Muka Gani Daga Kaoje Zuwa Segbana

Tambayar wata uwargida ce ta kai mu Kaoje. Mijinta bakaniken babura ne, ya shekara biyu yana aiki a Segbana cikin Jamhuriyar Benin, ita kuwa tana wajen Bagudo da 'ya'ya huɗu. Ya aiko mata cewa ta yi shiri su ƙaura su same shi. Da muka haɗu da ita sai ta ce, "Malam, ku da ku ke yawon ƙasashe, ku faɗa mini gaskiya. Can da nan, ina kuɗin cefane ya fi auki?" Muka yi shiru, gama ba mu da amsa sai ta jita-jita. Saboda haka bayan girbin kakar 2024, muka ɗaura niyya mu je mu gani da idonmu.

Muka bar Bagudo da sassafe, muka haye kogin Kwara ta gadar Tuga. Fadamun shinkafa ne dama da hagu, ga masu sussuka, ga buhunan shanshera an jera a bakin hanya ana jiran mota. Kafin rana ta yi zafi mun isa Kaoje, garin Sarkin Bargu, cikin ƙasar Gwandu. Gari ne na Fulani da shanu, amma in ka tsaya a tasha za ka ji Hausa da Fulatanci da Dandanci da Zabarmanci da harshen Boko duk a lokaci guda. Daga nan hanya ta miƙe yamma zuwa Tsamiya, inda Nijeriya ta ƙare. Wannan iyaka ba mutanen wurin suka ja ta ba. Ingila da Faransa ne suka raba ƙasar Bargu tsakaninsu da yarjejeniyar 1898, aka bar wa a wannan gefe, ƙane a wancan. Har yanzu tsofaffi in za su ƙetare sai su ce za su "Faransi", ko da ya ke Faransawa sun bar mulki tun 1960, sunan Dahomi ma an sāke shi ya zama Benin a 1975.

A Tsamiya muka nuna takardunmu, muka canza kuɗi, muka hau babura. Mai karatu ya lura da wannan canji, domin a kansa dukan labarin ya rataya. Takardar sefa 1,000, wadda a ke kira jaka, sai da muka ba da fiye da naira 2,500 kafin ta shigo hannunmu. A farkon 2023 wajen naira 1,200 a ke sayar da ita a wurin 'yan canji. Damin kuɗin da ya kumbura mana aljihu ya koma 'yan takardu kaɗan, har ɗayanmu ya sāke laluba aljihunsa ko wani abu ya faɗi.

Wani tsoho mai sayar da goro a Kaoje ya riga ya ba mu labarin zamanin da abin ya ke a juye. Da muka bincika muka tarar bai ƙara gishiri ba. An fara kashe naira ran 1 ga Janairu 1973, a shekarar 1980 kuwa naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya da rabi. A lissafin banki jaka guda ba ta kai naira 3 ba, ko da ya ke 'yan canji ba su kan ba naira wannan daraja duka ba. A zamanin nan samarin Dahomi su ne ke kwararowa Nijeriya neman aikin gini da aikin gona, ɗan Nijeriya kuwa in ya shiga kasuwarsu sai ya yi ciniki kamar ɗan sarki.

Kowane ɓangare ya sha nasa ɗaci. A watan Afrilu 1984 gwamnatin soja ta Janar Buhari ta canza launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai 1986. Wanda ya tara naira a hayin iyaka bai sami shigowa ya canza ba, ajiyarsa ta zama takarda kawai. Daga 1986 darajar naira ta fara gangarowa. Amma a watan Janairu 1994 sai abin ya faɗa kan masu sefa: dare ɗaya aka rage darajarta da rabi, abin da a ke saya daga waje ya yi tsalle. Tun 1999 sefa tana ɗaure da kuɗin Turai, yuro ɗaya a kan sefa 656 ba kaɗan, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a watan Yuni 2023 kasuwa ta yanka mata farashi, shi ya sa ta kai inda muka same ta.

Segbana ba babban gari ba ne, amma akwai ofisoshin hukuma da makarantu da kasuwa mai rai. Yana cikin lardin Alibori, ƙasar auduga, hanyar kwalta ta haɗa shi da Kandi. A nan muka sha kunyar farko. Mun tsaya wurin wata yarinya mai lemo, muka tambayi kuɗin kashi guda, ta ce ɗari. Muka yi murna da araha, muka miƙa mata ƙwandalar sefa 100. Ta dube ta, ta dube mu, ta ce, "Baba, ɗari na ce, ba ashirin ba." Ashe a bakin masu ciniki da Hausa ko Dandanci ba da sefa ɗai-ɗai a ke ƙirga ba, da dala a ke yi, dala ɗaya kuwa sefa 5 ce. In an ce ashirin, sefa 100 ke nan. In an ce ɗari, 500 a ke nufi. Jaka ita ce dala 200. Baƙon da bai san wannan ba zai dawo gida ya ba da labarin arahar da babu ita, ko ya yi rigima a banza. Muna tsammani rabin labaran da a ke kawowa na "can ya fi sauƙi" daga nan su ke fitowa.

Da muka zaga rumfuna sai muka ga kasuwar kashi biyu ce a cakuɗe. Akwai kayan da suka hau daga tashar jiragen ruwa ta Kwatano: shinkafa 'yar Indiya da 'yar Tailan, man girki, taliya, tumatirin gwangwani, gwanjo. Waɗannan a fili a ke kasa su, ba ɓoyo, alhali kuwa a gefenmu an hana shigo da shinkafar waje ta iyakar ƙasa tun 2016, don a kāre manoma irin waɗanda muka wuce a Tuga. Sa'an nan akwai kayan da suka ƙetaro daga Nijeriya: robobi, bokitai, sabulu da garin wanki, lemon kwalba, kayan gyaran babur. Uwargida daga Bagudo za ta gane rabin abin da ke kan tebur, sai dai in ta mai da kuɗin zuwa naira za ta ga an ɗora masa kuɗin hanya da ribar wanda ya ɗauko. Harajin saye ma ba ɗaya ba ne: kashi 18 cikin 100 a Benin, 7 da rabi a Nijeriya tun 2020.

Hatsi kuwa ba shi da alƙibla guda. Inda kuɗi ya fi ƙarfi nan ya ke nufa. Da naira ta faɗi, mai sefa ya ga masara da dawa da geron Nijeriya sun zama kamar kyauta, motoci suka yi ta fita da su, har a farkon 2024 'yan kwastan suka shiga tare manyan motocin abinci a kan iyakokin arewa. A watan Mayu na wannan shekara gwamnatin Benin ita ma ta hana fitar da hatsi daga ƙasarta na ɗan lokaci, gama masara ta yi tsada a can. Gwamnati biyu, kowace tana tsaron bakin rumbunta, manomi a tsakiya yana duban inda za a fi biyansa. Ba mu ga laifinsa ba, shi ma da taki ya noma, takin kuwa ba sadaka aka ba shi ba.

Man fetur shi ne ya fi ba mu mamaki. A bakin hanya a Benin za ka ga manyan kwalabe cike da mai, suna kiransa kpayo, kusan dukansa daga Nijeriya ya ke ƙetarawa a jarkoki. Kafin 29 ga Mayu 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Tun a Nuwamba 2019 aka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen kan iyaka suka zama suna tafiya mai nisa neman man ƙasarsu. Da aka janye tallafi kowa ya ce fasa-ƙwaurin mai ya mutu. Amma lokacin ziyararmu lita ta wuce naira 1,000 a Nijeriya, watau wajen sefa 400, a gidan man Benin kuwa tana kusa da sefa 700. Tsadar da ta sa ɗan Kaoje ya jingine babur ɗinsa, ga ɗan Segbana har yanzu araha ce.

To, a nan ne muka fara fahimtar cewa tambayar uwargidan nan ba ta da amsa sai an san da wane kuɗi a ke biyan maigida. Ga misali da kowa zai iya lissafawa. Albashi mafi ƙanƙanta a Nijeriya an kai shi naira 70,000 a watan Yuli 2024. Na Benin sefa 52,000 ne tun Janairu 2023. A canjin da muka yi a Tsamiya, sefa 52,000 ta kai naira 130,000, naira 70,000 kuwa sefa 28,000 ce kacal. A wannan shekara buhun shinkafa mai kilo 50 ya haura naira 80,000 a kasuwanni da yawa na Nijeriya, watau albashin wata bai saye shi ba. Tsadar abinci a tsakiyar 2024 ta ƙaru da kashi 40 cikin 100 bisa ga ta shekarar da ta gabata, alhali a Benin hauhawar farashi ba ta kai kashi 3 ba. Mun sani yawancin mutanen nan ba 'yan albashi ba ne, amma ma'aunin ya nuna inda iska ta ke kaɗawa.

Mun sami bakaniken a rumfarsa, hannu duk baƙin mai. Bayan gaisuwa muka zauna muka yi lissafin tare da shi a bayan kwalin filogi. Yanzu da sefa a ke biyansa, iyalinsa kuwa da naira su ke ci. Kowace jaka da ya aika gida tana zama naira 2,500 a hannun matarsa, ta auni hatsi a kasuwar ƙauye, ga gidan gādo ba haya, ga 'yar gona. In ya kwaso su, jakar nan za ta zauna jaka. Zai kama ɗaki biyu maimakon ɗaya, haya wata-wata bayan kuɗin ajiya na 'yan watanni da mai gida zai karɓa tun farko. Kowace tiya ta hatsi da sefa za a auna. Yara kuma makarantar Faransanci za su shiga, babban da ya kusa gama firamare sai ya koma baya. A wajen kuɗi dai zaman da su ke yi a rabe shi ya fi riba nesa ba kusa ba.

Ya ce, "Malam, wannan duk na sani. Amma autana bai san ni ba, in na je gida gudu ya ke yi." Ba mu da abin da za mu rubuta a kan kwali game da wannan. Kuɗin da a ke tarawa da raba gida ba ƙarami ba ne, abin da a ke biya ma ba ƙarami ba ne, sai dai ba a teburin ɗan canji a ke biyansa ba.

A hanyar dawowa muka yi zaman mota ɗaya da wani magini ɗan Kandi, mai shimfiɗa tayil, wanda ya yi shekaru yana aiki a Birnin Kebbi. Shi nasa labarin a juye ya ke. Da naira a ke biyansa, iyali kuwa suna cin sefa. Aikin da ya kan ba shi jaka 10 ya aika gida a farkon 2023, yanzu ko jaka 5 ba ya kaiwa, in ba an ƙara masa lada ba. Ya ce abokan aikinsa da dama sun tattara kayan aiki sun koma gida. Shi ya zo ne ya karɓi sauran bashi.

Wanda ke shirin irin wannan ƙaura, muna ba shi shawara kada ya tsaya ga mai da farashi daga sefa zuwa naira, gama wannan lissafi na matafiyi ne. Ya tambaya kwana nawa zai yi aiki a can kafin ya sayi buhun masara, kwana nawa a nan. Uwargida ta rubuta cefanen mako guda, daga gishiri har itace, a kai wa wanda ke zaune can ya sa kuɗin kowane abu. A tuna kuma dokar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma ta 1979 kwana 90 ta ba baƙo ba tare da biza ba, mai dogon zama sai ya nemi takardar zama. Iyaka ma takan rufe ba sallama, kamar yadda aka yi a watan Agusta 2019. Game da lafiyar hanya, a tambayi mutanen wurin kafin a tashi, kada kuma a yi tafiyar dare, gama tun 2021 arewacin Benin yana fama da hare-haren 'yan bindiga, gefenmu ma bai tsira ba.

Da muka kai wa uwargidan labari ta saurara har muka gama. Ta ce za ta tura wa mijinta saƙo ya nemi ɗaki na biyu, amma ba za a sayar da gona ba, ba kuma za a taɓa rumbu ba. Babban yaron zai zauna wurin kawunsa har ya gama firamare. Hatsin shekara kuwa daga gida za ta riƙa ɗauka kaɗan-kaɗan, tun da tafiyar ba ta wuce ta yini guda ba. Ta roƙe mu ragowar ƙwandalolin sefa da muka dawo da su, ta baza su a kan tabarma, ta kira yaran ta fara koya musu ƙirga da dala.