Numfashin dare a Amarawa

Tun da likita a Sakkwato ya ce maƙogwarona na toshewa cikin barci, na'urar CPAP ta zama abokiyar kwanana. Iskar ɗaki kawai take hurawa ta buɗe hanya, ba ta ƙara oksijin. Ban gane haka ba sai da ma'aunin oksijin da nake maƙalawa a yatsa ya nuna 87 da asuba, alhali lafiyayye yakan kai 95.

Ashe takunkumin na'urar ke yoyo ta gefen gemu, ƙurar hunturu kuma ta cushe matacin. Likita ya ce a sauya matacin, a rage gemun. Uwargida har yau dariya take.

In wuta ta ɗauke, batirin sola ke riƙe ni, ina kwance ina jin manyan motoci suna nufar Ƙonni.