Motocin da aka ƙera da guduma

A Kano ta farkon shekarun 1980, in aka ambaci Italiya, Fiat ke faɗo mana a rai: tarakta da manyan motocin kaya, waɗanda ake harhaɗa wasunsu a cikin garin namu. Ban san ƙasar tana da motocin tsere ba sai a garejin kawuna, mai gyaran bodi, inda nake zuwa miƙa guduma in an tashi daga makaranta. Wani ɗan Italiya da suka taɓa aiki tare ya bar masa tarin tsofaffin mujallu. Rubutun ba mu iya karanta shi ba, hotunan kuwa har muka haddace.

Mu yara jar mota mai tambarin doki, wato Ferrari, muke rububin kallo. Kawu kuwa shafi ɗaya yake buɗewa: wani mutum da hannun riga a naɗe, yana bugun fallen alminiyam a kan kututture. Yakan ɗora yatsansa mai baƙin mai a kan hoton ya ce, "Kai yaro, dubi yadda ya riƙe gudumar nan. Wannan ɗan'uwana ne a sana'a."

Sai da na girma na gane abin da ya hango. Enzo Ferrari, mutumin Modena, ya kafa ƙungiyar tserensa a 1929 da motocin Alfa Romeo, kuma motar farko mai ɗauke da sunansa, 125 S, sai a 1947 ta fito daga Maranello, da inji mai silinda 12 amma lita ɗaya da rabi kacal. Injin ne ya dame shi, da tsere. Motocin da yake sayar wa attajirai hanyar samun kuɗin tseren ce. Bodi kuwa ƙananan masana'antu ake kai wa, irin su Pininfarina a Turin da Scaglietti a Modena, inda ake lanƙwasa ƙarfe da hannu da ido.

Tseren nan ya ci rayuka, ba zan ɓoye ba. Mille Miglia, wanda ake tashi daga Brescia a je Roma a dawo a kan titin da jama'a ke bi, ya fara a 1927, aka dakatar da shi a 1957 bayan wata Ferrari ta ƙwace ta faɗa cikin 'yan kallo, har da yara a cikin mamatan.

Labarin da ya fi yi wa kawu daɗi, da na karanta masa bayan ya tsufa, shi ne na Ferruccio Lamborghini. Mai ƙera tarakta ne. Kamar yadda shi da kansa yake bayar da labari, ya kai wa Ferrari kukan kulocin motarsa, aka sallame shi da raini. Ya koma ya kafa nasa kamfanin a 1963, bayan shekara uku ya fito da Miura, wadda aka kwantar da injinta a gicciye bayan direba, Marcello Gandini ya zana jikinta tun bai kai talatin ba. Kawu ya yi ta dariya yana tafa hannu, don shi ma ya sha rainin masu mota.

Ni dai a cikin motocin nan duka Ferrari 250 GTO ce tawa. Guda 36 aka yi tsakanin 1962 da 1964, kuma ba biyu da suka zo daidai ƙwarai, tunda hannun mutum ne ya buga kowace. A 2018 an yi gwanjon ɗaya a kan sama da dala miliyan 48. Sunan Enzo ake kira in ana wannan ciniki, amma a ganina rabin kuɗin nan aikin maƙeran Scaglietti aka saya.